Kasalar Zaituna

Gaya, 2 ga Oktoba, 2022

Ƙanena Sagiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a can dajin haƙar zinare. Mu nan lafiya lau. An koma makaranta, bana ma 'yan aji huɗu aka ba ni, Hausa nake koya musu, su saba'in da 'yan kai a ɗaki ɗaya.

Ya'u direba ya ce jibi zai ɗauki kaya zuwa Agadas, daga can kuma akwai masu kai muku ruwa da abinci. Shi ya sa na zauna rubuta maka wannan. Ya ce takarda takan yi mako uku kafin ta iso hannunka, tunda ba sabis a inda kuke.

Jiya na je Gafasa. Matarka Zaituna ta gama wankan jego, ranar Alhamis aka yi arba'in. 'Yarka Bara'atu ta yi ɓul-ɓul, goshinka ta ɗebo kaf. Mahaifiyarka Inna Hanne tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Ta ce in gaya maka tana sa maka albarka. Maƙwabcinku Ɗanasabe ya ce gyaɗarka ta yi kyau, nan da mako biyu za a cire.

Ita Zaituna jikin da sauƙi, sai dai kasala. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki da yarinya a cinya, Inna kuma tana bakin turmi. Inna ta ja ni gefe ta ce tun da aka gama wanka Zaituna ba ta ɗauki taɓarya ba, ko shara take yi sai ta zauna sau biyu kafin ta gama tsakar gida. Na tambaye ta ina ke mata ciwo, ta ce babu, jikin ne kawai ba ya so.

Ka san ni na haɗa aurenku, uwarta kuma ba ta raye, don haka duk ƙorafin da ya taso wurina ake kawo shi. Ban ga abin tayar da hankali ba. Na dai ga ya kamata ka sani, ko da wata kalma da za ka aiko mata.

Yayarka,
Murja

*

Daji, bayan Agadas, 23 ga Oktoba

Yaya Murja,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki jiya tare da motar ruwa. Ina lafiya, Alhamdu lillahi. Tarin da na taho da shi ya tafi. Na ji daɗin labarin Bara'atu. Har yanzu ban san fuskarta ba, amma da kika ce goshina ne sai na shafa nawa, abokan aiki suna ta yi min dariya.

Yaya, kalmar nan ta kasala ita ta tsaya min. Na maimaita wurin ya fi sau biyar. Inna ta doshi saba'in. Da gwiwar nan ta raine mu mu shida bayan rasuwar Baba, ba mai taya ta. Ban yi aure na bar mace a gida don Inna ta koma bakin turmi ba.

Mu nan kullum da igiya ake zura ni cikin rami mai zurfin gaba ashirin. A ciki ko juyawa ba a iya yi sosai. Ruwan sha aunawa ake yi. Ba wanda ya taɓa tambayata ko jikina yana so. Da a ce kin rubuta zazzaɓi, ko ciwon ciki, da na ce a kai ta asibiti. Amma ke da kanki kika ce ba inda ke mata ciwo. To a garinmu wanda ba shi da ciwo kuma ba ya aiki sunansa ɗaya.

Ina roƙonki ki je Gafasa ki karanta mata wannan a gaban Inna, don Inna ta san ban goyi bayan haka ba:

Zaituna, ina gaishe ki da jego. Ba ke kika fara haihuwa ba. Kasala ba cuta ba ce, son jiki ne, kuma in aka biye mata ba ta tafiya. Ki tashi ki karɓi Inna. Gyaɗa za ta shigo gida, kada in ji an ce ita ta ɓare ta.

Ki gaida Ɗanasabe, ki yi masa godiya. In Allah ya yarda sai bayan sanyi zan taho, don mun fara ganin alama a ramin nan.

Ƙanenki,
Sagiru

*

Kano, 20 ga Nuwamba

Sagiru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Inna lafiya, Bara'atu ma lafiya. A kan benci nake rubutu a barandar asibiti, Ya'u yana jirana a tasha, ka yi haƙuri da rubutun.

Takardarka ta zo. Ranar Asabar, sha biyu ga wata, na je Gafasa na karanta mata a gaban Inna kamar yadda ka ce. Ban rage ko kalma ba. Ta saurara kanta a ƙasa. Da na gama ta ce, "To." Na lura ƙafafunta sun ɗan kumbura, na ɗauka yawan zama ne, har na ce mata ai motsa jikin ma zai taimaka.

Washegari ta yi surfe. Litinin da Talata ta zauna kan gyaɗa, ta ɓare buhu ɗaya da rabi. Inna ta ce tun safe take farawa, in ta gaji sai ta jingina da bango ta rufe ido, can ta ci gaba. Ranar Laraba ta ɗebo ruwa, ta zo zubawa a randa, ta faɗi a nan.

Ɗanasabe ya nemo mota aka kai ta asibitin Ajingi. Da suka duba suka ce a wuce Kano. Aka yi min waya ina cikin aji, na bar yara na same su a hanya. Yau kwananmu huɗu. Likita ya duba ta da na'ura, ya ce zuciyarta ce ta yi rauni, wai yakan sami wasu mata bayan haihuwa. Ana ba ta magani da allura. An hana ta gishiri da kunun kanwa. Ta farfaɗo, tana magana, tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Da sauƙi.

Bara'atu tana wurin matar Ɗanasabe, an fara ba ta madara. Da na kira Inna jiya sai ta tambaye ni ko an ba Zaituna ruwan zafi ta yi alwala, shi ke nan.

In da hali ka nemi inda za ka yi waya.

Murja

*

Daji, 13 ga Disamba

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri. Ina lafiya.

Takardarki ta same ni ranar Asabar. Da na karanta sai na kasa gane abin da likitan yake nufi. Na nuna wa wani abokin aikina ɗan Damagaram, ya ce tunda an ce rauni, ƙila wajen faɗuwar ce ta bugu a ƙirji da bakin randa, kuma irin wannan raunin yana warkewa. Wani ya ce faɗuwar mai jego ƙarancin jini ne, da an ƙara mata shi ke nan. Ni kuma da na zauna ni kaɗai sai na ga ba haka ba ne. Na san Zaituna da raunin zuciya tun tana budurwa. Ko akuya aka daka a gabanta sai ta yi ƙwalla. Maganata ce ta yi mata nauyi, a gaban Inna kuma. Na gane wannan.

Jiya na bi motar ruwa na yi tafiyar yini guda zuwa babban zango, inda ake hayar waya. Na kira taki sau biyu a kashe, na san kina aji. Na kira tata, ta ɗauka. Ta ce an sallame su, suna gida. Na tambaye ta jiki ta ce da sauƙi. Na sake tambaya ta ce da sauƙi sosai. Muryar tana yankewa, amma wayar nan haka take yi. Inna ma ta karɓa ta ce Alhamdu lillahi. Akwai mutane a bayana suna jiran layi, ban iya faɗa mata abin da na je faɗa ba. Na ce musu dai sai bayan sanyi, yadda na tsara.

Hankalina ya ɗan kwanta. Ga turmin atamfa na ba direban, shuɗiya, irin wadda take so. Wannan kuma ki karanta mata ita kaɗai, kada a gaban kowa:

Zaituna, na yi miki magana ban ga halin da kike ciki ba. Zafin wurin nan ne ya hau kaina. Ban taɓa ganin son jiki a wurinki ba, na tuna damina biyun da muka yi tare. Ki yafe min. Kada ki ƙara taɓa turmi sai na dawo, za a sami mai taya Inna. Ki ci abinci. Ina tunaninki, ke da yarinyar da ban gani ba.

Sagiru

*

Gaya, 15 ga Disamba

Sagiru,

Assalamu alaikum. Ban ga amsar takardata ta Kano ba, ƙila tana hanya. Ba zan jira ta ba. Inna ta gaya min ka yi waya ka ce sai bayan sanyi. Na kira lambar da ka kira da ita, wanda ya ɗauka ya ce Sagiru sun fi goma a wurin.

Shekara sha tara ina koyar da Hausa, amma sau uku ina rubuta maka kalmar da ba ita ba ce.

Na ce kasala. Ita ce ta fara zuwa bakina, ita Inna ta faɗa, ita kowa ke faɗa. Da ita muke kiran wanda ya ci tuwo ya ƙoshi ya kasa tashi, da ita kuma muke kiran wanda jininsa ya ƙare. Ban tsaya na raba maka ba, don ni ma ban raba ba. Na tuna kakata, yayar kakarka, ba ta haɗa su. Wanda zai iya ya ƙi, rago take ce masa. Wanda yake so jikin ya gaza, sai ta ce kumama ne, a ƙyale shi. Tun da ta rasu ban ƙara jin kalmar a bakin kowa ba, ni ma sai a asibiti ta faɗo min.

Na ce rauni. Ban sani ba ko ka ɗauka ciwo ta ji, ko kuka take yi. Ba ko ɗaya. Tsokar zuciyar ce ta saki, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Likita ya dunƙule hannu ya buɗe, ya nuna min yadda ta mai lafiya take yi. Sannan ya nuna min tata, yatsun ko haɗuwa ba su yi.

Na ce da sauƙi. Wannan kai ma ka san ba labari ba ne, gaisuwa ce. Babanka ya faɗe ta ranar da ya rasu.

Don haka ba zan ƙara sa wa abin suna ba. Ga abin da na gani ranar Talata.

Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa. Na danna da yatsa, ramin bai cike ba har na gama gaisawa da Inna. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci, an tara mata matasai uku a baya. Daga ɗaki zuwa banɗaki sau uku take tsayawa tana haki. In za ta yi magana sai ta raba ta biyu ta huta a tsakiya, wannan ne ka ji a waya. A zaune take salla. An miƙa mata Bara'atu, ta riƙe ta kamar minti biyu, ta ce a karɓa kada ta kuɓuce mata. Awarwaron da ka saya mata yana zamewa har gwiwar hannu, zoben kuma sai da aka sa sabulu aka cire.

Inna ce take yi mata wanka yanzu. Ba ta bari kowa ya taya ta.

Na tambayi likita ko za ta tashi. Ya ce wasu suna tashi. Na tambaye shi ko a kira mijinta, ya ce a kira shi.

Ka bar ramin ka taho.

Murja

*

Gafasa, 22 ga Janairu, 2023

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu. Ina fata kin koma makaranta lafiya. Inna tana nan. Bara'atu ta yi mura, ta warke.

Na san daga nan zuwa Gaya ba nisa, kuma ga waya. Na ɗauka sau da yawa na ajiye. Ranar da kika zo kika same ni cikin mutane, mun gaisa kawai. Rubutun ya fi min sauƙi, Ɗanasabe zai kawo miki.

Takardarki ta same ni huɗu ga wata. A ranar na bar komai, ko kayana ban kwashe ba. Mota ta lalace mana kwana biyu kafin Agadas. A Damagaram na sami waya na kira Ɗanasabe, ya ce in yi haƙuri in ƙaraso a hankali, tun ranar Alhamis ne. Na ce to. Na sayi ruwa na sha, na koma mota. Na iso washegarin sadakar bakwai, ana naɗe tabarmi a ƙofar gida.

Ban yi kuka ba har yanzu. In an kawo abinci ina ci. In an kira salla ina zuwa. Na je maƙabarta an nuna min, na yi addu'a, na tsaya ina kallon ƙasa kamar gonar wani. Jiya na ɗauki gatari zan faskara wa Inna itace, na ɗaga sau biyu na ajiye. Ba inda ke min ciwo. Masu zuwa gaisuwa suna cewa jikina ya yi sanyi. Inna ta ce a bar ni.

Ni da Inna ba mu yi maganar ba. Ta rufe turmin da tsohon buhu ta jingine a bayan rumbu, a inji ake niƙa mana yanzu. Ta ce ba za ta iya riƙon Bara'atu ba, ta ce ke ce uwarta in kin yarda. Ni ma haka nake so. Ba zan koma daji ba.

Ban ɗora miki laifi ba, Yaya. Ni na rubuta abin da na rubuta.

Abu ɗaya nake son sani. Na ga atamfar a ɗakinta, ba a ko kwance ta ba, don haka takardata ta ƙarshe ta iso. Kin karanta mata? Ta ji? Kada ki sassauta min.

Sagiru

*

Gaya, 24 ga Janairu

Ƙanena Sagiru,

Wa alaikumus salam. Ya haƙuri. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ina lafiya, na koma aji.

Na yarda da riƙon Bara'atu. Ka kawo ta ranar Asabar da kanka, kada ka aiko. Ka haɗo da katin rigakafinta, yana cikin kwallar da ke ƙarƙashin gado.

Ga amsar tambayarka.

Ranar talatin ga Disamba muka mayar da ita asibiti a Kano. Uku ga Janairu Ya'u ya yi min waya daga tasha, na je na karɓo takardar da atamfar. Da na dawo na tarar an sa mata abin numfashi a hanci, likitoci suna kanta, ba su bar ni na matsa ba. Sai washegari da hantsi aka sami sarari. Inna ta fita wanke kwanuka. Na ja labule, tunda ka ce ita kaɗai.

Na ce mata Sagiru ya aiko da takarda. Ta buɗe ido. Na ga ta ɗan janye hannunta daga nawa, sai na ce mata ba irin waccan ba ce. Na ɗora mata atamfar a cinya, ta sa tafin hannu a kai. Na fara karantawa. Kafin in kai tsakiya idonta ya rufe. A kwanakin nan haka take yi, wani lokaci barci ne, wani lokaci tana ji, buɗe idon ne yake mata wuya. Na karanta har ƙarshe. Na kira sunanta ba ta amsa ba. Na matso da bakina kusa da kunnenta na sake karantawa tun daga farko, a hankali. Wurin da ka ce ta yafe maka na faɗa sau uku.

Na zauna ina kallonta. Can ta motsa baki, na sunkuya. Ta ce, "Yaya, gyara min matashin nan."

Na gyara. Ta ce yauwa. Hannunta yana kan atamfar har Inna ta dawo, amma ban sani ba ko riƙe ta take yi ko a nan hannun ya tsaya. Bayan wannan ba ta sake wata magana ba sai salati. Washegari bayan azahar ta cika.

Na yi ta juya abin a raina ko in ce maka ta ji ta yafe. Da na faɗa ba wanda zai ƙaryata ni, mu biyu ne a bayan labulen. Amma iyakar abin da na gani ke nan.

Sai ka zo ranar Asabar. Ka taho da wuri, kafin rana ta yi wa yarinyar zafi.

Yayarka,
Murja